Ciyawar teku da masu ruwa da tsaki: ta ina ake kama su?

Wata ɗaliba da ke shekarar ƙarshe a sashen koyon aikin gona na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta rubuto mini cewa ta samu gurbin sanin makamar aiki na wata shida a wata ƙungiya da ke aiki da manoman ciyawar teku a gabashin Afirka, kuma an ce mata aikinta shi ne taimakawa wajen haɗa kan masu ruwa da tsaki domin sana'ar ta ɗore. Ta ce ita haifaffiyar Tawa ce, ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne kogin Isa da tabkin Tabalak, saboda haka tana son ta san su wane ne waɗannan masu ruwa da tsaki, kuma ta ina ake kama su.

Ɗiyata, rashin ganin teku ba zai rage ki da komai ba. Wanda ya tashi yana ganin manomin albasa na Galmi yana sayar da buhu a wulaƙance lokacin da kaya suka yi yawa, sannan bayan ƴan watanni ya ga buhun nan ya ninka kuɗinsa a hannun wanda ya iya ajiye shi a rudu, ya riga ya san rabin abin da ke damun sana'ar ciyawar teku. Sauran rabin ne zan yi ƙoƙarin bayyana miki, gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani da idona.

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an noma sama da tan miliyan 36 na ciyawar teku da danginta, idan aka auna ta ɗanya. Kusan kashi 97 cikin 100 na abin da ake samu a duniya nomawa ake yi, ba tsinta ba, kuma kusan dukansa a Asiya yake: ƙasar Sin kaɗai ta fi rabi, Indonesiya ta fi kashi ɗaya cikin huɗu, sai Koriya ta Kudu da Filifin. Wani kaso ci ake yi kai tsaye, kamar yadda muke cin zogale ko kuka, wani kason kuma ana tatsar wani abu mai kauri daga jikinsa. Akwai karajinan, wanda ake sa wa madara mai cakulan da man goge haƙora domin su yi kauri, akwai kuma agar, wanda ɗakunan gwaji na asibitoci suke renon ƙwayoyin cuta a kansa. Idan kin shiga wani babban kanti a Yamai ki juya bayan kwali ki karanta: lamba E407 ita ce karajinan, E406 agar, kuma sau da yawa za ki ga E414 a kusa da su, wato ƙaronmu na Sahel. Ƙaro da ciyawar teku ƴan gida ɗaya ne a wannan kasuwa: talaka ne ke tarawa, kamfanoni ƙalilan na nesa ne ke sarrafawa, su ne kuma ke yanka farashi.

A Afirka, Tanzaniya ce ke kan gaba, musamman tsibiran Zanzibar, wato Unguja da Pemba. An fara noman kasuwanci a can a 1989 da irin da aka kawo daga Filifin, bayan shekarun da Farfesa Keto Mshigeni ya yi yana nuna cewa abin zai yiwu. Mutanen wurin suna kiran ciyawar da suna mwani, kuma iri biyu suke nomawa, wanda ƴan kasuwa ke kira kotoni da wanda suke kira sipinosum. Manoman sun haura dubu 20, kuma mafi yawansu, kamar kashi 80 cikin 100, mata ne.

Na taɓa kwana uku a ƙauyen Paje, a gabashin Unguja, kuma abin da na gani a safiyar farko shi ya gyara mini fahimtata. Teku ya janye ya bar fili fari fat har inda ido ya tsaya, mata kuma suka shiga da zannuwansu, wasu ruwa iya gwiwa, wasu a zaune cikinsa iya ƙugu. Gonar turaku ne na icce da aka kakkafa a yashi, an ɗaura igiyar leda tsakanin kowane biyu, a jikin igiyar kuma an ɗaɗɗaure ƙananan rassan ciyawa da ɗan zare mai laushi, tazarar taki ɗaya tsakaninsu. Bayan mako shida reshen ya zama dami, sai a kwance a cika buhu a jawo shi cikin ruwa har bakin gaɓa, a ɗauka a ka zuwa wurin shanya. Matar da na fi daɗewa a gefenta ta nuna mini tafin ƙafarta, inda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya ta sha soke ta, ta kuma ce ciwon baya da ciwon ido saboda ƙyallin rana a kan ruwa ba su bar kowa ba a cikinsu. Sai an shanya kilo takwas zuwa goma na ɗanya kafin a samu kilo guda busasshe, kuma a lokacin kilon sipinosum busasshe bai kai rabin dalar Amurka ba. Da rana na bi ta zuwa rumbun mai saye, na ga yadda ya damƙi ciyawar ya murza, ya ce da sauran danshi kuma akwai yashi, ya rage nauyi a kan sikeli, ita kuwa ba ta ce uffan ba, domin babu wani mai sayen da za ta kai wa a ranar.

To, wannan matar ita ce mai ruwa da tsaki ta farko, kuma duk wani tsari na ɗorewa da bai canza abin da ke faruwa a gaban wannan sikeli ba, takarda ce kawai. A wurina, ma'aunin haɗa kan masu ruwa da tsaki guda ɗaya ne: shin wanda asara za ta fi faɗa wa yana da ikon cewa a'a a lokacin da ake yanke shawara, kuma a ji shi? Idan ba shi da wannan iko, to an gayyace shi ne ya cika kujera.

Sauran masu ruwa da tsakin ba su da wuyar ganewa. Akwai wakilan saye na ƙauye da kamfanonin da ke fitar da kaya, akwai masana'antun sarrafawa a ƙasashe irin su Denmak da Amurka da Faransa da Sin, akwai ma'aikatar da ke kula da kamun kifi da albarkatun ruwa, da shugabannin ƙauye, da masu bincike, da masu ba da tallafi. Waɗanda aka fi mantawa da su su ne maƙwabtan gona, waɗanda ba sa noman ciyawar amma suna amfani da wurin. Masunci yana son hanyar da kwalekwalensa zai bi ba tare da igiya ta sarƙe shi ba. Mai otal yana son baƙinsa su ga yashi fari, ba turaku ba, kuma Paje ta yi suna wajen baƙi masu wasan gudu a kan ruwa da lema. Mai kula da daji yana ganin ana sare itatuwan bakin teku domin yin turaku, alhali a cikin saiwoyinsu kifi ke ƙyanƙyasa. Wannan duk kin san shi da wata kama, domin rikicin manomi da makiyayi ne a kan burtali da mashaya. Abin da dokar tsarin karkara ta 1993 ta yi ƙoƙarin yi a ƙasarmu, ta hanyar kwamitocin kula da filaye inda hakimi da ma'aikacin gwamnati da manomi da makiyayi suke zama tare a shata iyaka a kafa alama, shi ne ainihin abin da bakin teku ke bukata. Kin kuma san cewa inda kwamitin ya yi aiki, ya yi ne saboda an fita an taka wurin da ƙafa kafin damina, ba don an yi taro a birni ba. Gonar ciyawar teku a mafi yawan wurare ba ta da takarda, al'ada ce kawai ta san cewa wurin wance ne, kuma ranar da mai kuɗi ya zo da izini daga babban birni, al'ada ba ta iya tsayawa gabansa.

Inda na fi son ki zurfafa tunani shi ne batun iri, domin a nan ne ilimin da kika karanta zai yi miki amfani, a nan ne kuma ake yin kuskuren da ya fi tsada. Ba a shuka kotoni da sipinosum daga ƙwaya, reshe ake yankowa daga tsohuwar shuka a sake ɗaurawa, kamar yadda ake dasa rogo. Ma'ana, abin da ake nomawa yau a ƙasashe da yawa jikokin ƴan tsirarun shuke-shuke ne da aka zaɓo a Filifin tun wajen farkon shekarun 1970, lokacin da Maxwell Doty na Jami'ar Hawai da abokan aikinsa suka kafa wannan noma. Iri ɗaya da aka yi shekara hamsin ana maimaita shi dole ƙarfinsa ya ragu, kuma cutar da ta kama ɗaya ta kama duka. Cutar da ta fi addabar manoma ita ce wadda ake kira ais-ais: reshe ya yi fari kamar ƙanƙara, ya yi laushi, ya karye, ruwa ya tafi da shi. Zafin ruwa ko sauyin gishirinsa ne ke raunana shukar, sannan ƙwayoyin cuta su ƙarasa ta. A Zanzibar, ruwa marar zurfi inda mata ke noma yakan haura digiri 35 a watannin zafi, kuma kotoni, wanda ya fi tsada, ba ya jure haka, shi ya sa a ƙauyuka da dama ya mutu aka koma wa sipinosum mai arha.

Masu bincike sun samo mafita mai ma'ana, wato a matsa da gonar cikin ruwa mai zurfi inda ya fi sanyi, a zuba ciyawar cikin dogayen ragogi masu kama da hannun riga, a bar su suna yawo a saman ruwa. A kan takarda babu abin kushewa. Amma shiga ruwa mai zurfi yana bukatar jirgi da iya iyo, kuma yawancin matan nan ba su iya iyo ba, jirage kuwa a hannun maza suke. Idan aka kawo wannan dabara ba tare da an zauna da matan tun farko ba, sana'ar za ta tsira amma ta fita daga hannun waɗanda suka yi shekara talatin suna riƙe da ita, kuma rahoto zai ce an yi nasara. Ayyukan da suka fahimci haka sun haɗa da koyar da iyo, da rigunan kariya daga nutsewa, da jirgin da ƙungiyar mata ta mallaka da sunanta, da kuma neman yardar mazajensu da malaman ƙauye. Wannan shi ne haɗa kan masu ruwa da tsaki na gaskiya, kuma kin ga ba ya faruwa a zauren taro. Mun ga irinsa a gida, inda sana'ar da aka raina take hannun mata, amma da zarar inji da kuɗi sun shigo sai ta sauya hannu.

Kada kuma ki yarda da mai cewa maganin raunin iri shi ne a shigo da sabo daga ko'ina cikin gaggawa. Kotonin da aka kai gaɓar Kaneohe a Hawai a shekarun 1970 ya bazu ya lulluɓe murjani, wato duwatsu masu rai na ƙarƙashin teku, haka kuma ya faru a mashigin Mannar na Indiya. Ke da kika ga yadda kainuwa ke rufe fuskar kogin Isa, da yadda kacalla ke cinye tabkuna, ba sai an yi miki dogon bayani ba. Iri yana tafiya da cututtukansa da ƙwarinsa, saboda haka dole hukuma ta tsaya a kan killace shi a gwada kafin a sake shi, manomi kuma ya san dalilin wanke igiya da raba shuka mai cuta da mai lafiya. Aikin bincike da aka kira GlobalSeaweedSTAR, wanda wata cibiyar kimiyyar teku ta Sukotland ta jagoranta daga 2017 zuwa 2021 tare da masana daga Tanzaniya da Filifin da Malesiya, a kan wannan ya fi mai da hankali. Idan kuma kina son ki san darajar mai bincike a idon manomi, a 1949 wata Baturiyar Ingila, Kathleen Drew-Baker, ta gano wani mataki na rayuwar nori, ciyawar tekun da mutanen Japan ke ci, da ke ɓoye cikin ɓawon kumba, wannan kuwa shi ya ba Japan damar samar da iri a hannu, kuma har yau manoman garin Uto suna bikin tunawa da ita kowace ranar 14 ga Afrilu, alhali ba ta taɓa taka ƙasar ba.

Zan faɗa miki wani kuskure da ni kaina na yi. Shekarun baya an ba ni jagorancin wani taron bita a wani otal a nan Yamai a kan albarkatun wani tabki, muka gayyaci mutum sittin, aka yi kwana biyu ana magana da Faransanci, aka raba jaka da kuɗin zama, aka rubuta cewa dukan ɓangarori sun amince. Wakilin masunta da muka gayyata ashe ya fi shekara goma rabonsa da jefa koma, sarkin ruwa na ainihi kuwa bai ma ji labarin taron ba, kuma matan da ke ƙyafa kifi ba a kira ko guda ba. Bayan wata huɗu na koma na tarar babu abu ɗaya da aka aiwatar. Ba wanda ya yi mana ƙarya, mu ne muka tambayi waɗanda ya fi sauƙi a tambaya. Tun daga nan nake fara kowane aiki da tambayar wane ne ba ya cikin ɗakin, kuma me ya hana shi zuwa.

Misali mai kyau da za ki tarar a can shi ne haɗakar da Dakta Flower Msuya ta kafa a Zanzibar a 2006, wadda ta tara manoma da masu bincike da ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa a inuwa ɗaya, ta kuma koya wa ƙungiyoyin mata yin sabulu da man shafawa da garin ciyawa da ake sa wa abinci. Kilon da aka niƙa aka sayar a matsayin gari ya ninka kuɗin wanda aka kai wa mai sikeli sau da yawa. Amma a ganina kada ki ɗora dukan fatanki a kan sabulu, domin abin da yake ci ɗan kaɗan ne daga cikin dubban tan da ake nomawa, sauran duk waje yake tafiya ɗanye. Babban abin da haɗakar ta yi shi ne ta sa manomiya ta zauna da babban ma'aikaci ta faɗa masa damuwarta baki da baki, kuma ta daɗe tana yin haka shekara da shekaru, ba kamar furojen da ke watsewa ranar da kuɗi suka ƙare ba.

A wuraren da ake tsintar ciyawa maimakon nomawa, matsalar wata ce daban. A Maroko, a gaɓar Aljadida, masu nutso suna ciro jar ciyawar da ake yin agar mafi inganci da ita, kuma da ta fara ƙarewa gwamnati ta ƙayyade lokaci da yawan abin da za a ciro tun daga 2010, abin da ya kai ga ƙarancin agar a ɗakunan gwaji na duniya wajen 2015. Dokar ta ba ciyawar damar farfaɗowa, amma mai nutson da aka taƙaita wa watannin aiki shi ya ɗauki nauyin. A Cile kuwa, dokar kamun kifi ta 1991 ta buɗe hanyar ba ƙungiyoyin ƙananan masunta wani yanki na gaɓa su kula da shi da kansu, kuma an lura cewa inda yankin ke da masu shi an fi bin ƙa'idar ciro manya a bar ƙanana, saɓanin inda kowa ke shiga. Darasin sassaben zamani ne na Maraɗi da Damagaram: manomi bai fara barin gawo ya girma a gonarsa ba sai da ya tabbata iccen nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba.

Za ki ji ana yawan ambaton takardar shaidar inganci da ASC da MSC, ƙungiyoyi biyu masu tantance kiwon kifi da kamun kifi a duniya, suka fitar tare a 2017, da gamayyar duniya ta ciyawar teku da aka kafa a 2021, da rahoton Bankin Duniya na 2023 da ya ce sababbin kasuwanni za su iya ƙaruwa da dala biliyan 11.8 kafin 2030. Ki san su, domin da wannan harshen masu ba da kuɗi ke magana. Sai dai samun takardar shaida yana da tsada kuma yana bukatar rubuce-rubucen da ƙaramar manomiya ba za ta iya ita kaɗai ba, don haka tambayar da za ki yi ita ce wane ne zai biya mai duba aiki, kuma nawa ne daga cikin ƙarin kuɗin zai iso gaban sikeli. Haka nan ki yi taka-tsantsan da masu alƙawarin cewa manoma za su samu kuɗi saboda ciyawar tana zuƙe iskar da ke ɗumama duniya, domin ciyawar da aka girbe bayan mako shida aka sarrafa aka cinye ta mayar da abin da ta zuƙa.

Wata shida ba su da yawa, saboda haka ga yadda zan kashe su da ni ne ke. Watan farko ba zan kira taro ko ɗaya ba, zan koyi gaisuwa da ƙirga da Suwahili, in shiga ruwa tare da matan in koyi ɗaurin igiya har hannuna ya saba. Zan riƙe kalandar wata, domin teku ya fi janyewa ne a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa, a nan ne mata ke gona tun da safe, kuma wanda ya sa taro a waɗannan kwanaki ya zaɓi kada su zo. Zan zauna da mata su kaɗai, da masunta su kaɗai, da masu saye su kaɗai, kafin in haɗa su, domin wadda ke da bashin igiya a wuyanta ba za ta soki mai saye a gabansa ba. Mai sayen ma ki saurare shi da gaskiya, kada ki ɗauke shi azzalumi tun kafin ya buɗe baki: shi ma ana mayar masa da kaya idan yashi da danshi sun yi yawa, kuma ba shi ke yanka farashin duniya ba. A nan ne ake samun abin da kowa zai ci riba. Idan ƙungiya ta samu gadon shanya na icce maimakon shimfiɗa ciyawa a ƙasa, da sikeli nata na kanta, da rumbun da za ta tara kaya ta sayar a dunƙule, kamar tsarin ajiye amfanin gona a karɓi bashi a kansa da ƙungiyoyin manomanmu suka saba, to mai saye ya samu kaya masu tsabta, ita kuma ta samu bakin magana. Abin da aka amince a kai, wato ƙarin kuɗin kilo mai tsabta, da yadda za a gwada danshi a gaban kowa, da hanyar da aka bar wa kwalekwale, a rubuta shi da harshensu, a karanta a bainar jama'a, a ajiye kwafi ɗaya wurin shugaban ƙauye ɗaya wurin shugabar ƙungiya, a kuma sa ranar da za a dawo a duba, wadda ya kamata ta faɗo bayan girbi biyu, wato kamar wata uku, tun kina can.